Sawun Yaya a Yashi

Wasiƙar kwamiti ta zo ranar Laraba, kuma ba Yaya ne ya fara karanta ta ba, matarsa ce. Ta karanta sau biyu a tsaye a kicin, ta mayar cikin ambulan, ta kira ƙanen mijinta a waya.

"Auta, an rubuto wa yayanka daga kulob. Sun ce gargaɗin ƙarshe ne. Aka sake kai ƙararsa ko sau ɗaya, za su karɓe katinsa na ɗan kulob."

Auta yana kantinsa na takalma a lokacin, a durƙushe, yana fama da wata mata da ta rantse lamba talatin da tara take sawa alhali ƙafarta arba'in da ɗaya ce. Shekararsa hamsin da bakwai, jikokinsa biyu, amma har gobe Auta ake ce masa, har ma'aikatansa idan sun ga ya juya baya. Ya maƙale wayar da kafaɗa ya ce, "Me ya yi kuma, Anti?"

"Me bai yi ba? Sun jera su har da kwanan wata. Ni dai ga abin da zan gaya maka. Tun da ya yi ritaya filin nan kaɗai yake fita. Ranar da aka wuni ana ruwa bai je ba, sai da ya yi faɗa da talabijin, ya yi da firiji, sannan ya waiwayo kaina. Idan suka kore shi, zama zai yi a falo har ya lalace. Ka taimake ni ka riƙe shi ranar Asabar."

"Zan riƙe shi," in ji Auta. Da ma aikinsa ke nan shekara goma sha ɗaya.

Yaya tsohon hedimasta ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana magana ana yin tsit, to da ya bar aiki sai ya fito da wannan halin gaba ɗayansa ya kawo shi filin golf, inda ake son mutum ya yi tsit don wani. Wasan ba wuya a faɗe shi: ramuka goma sha takwas ne a warwatse cikin fili, kowanne da tutarsa, ka bi ƙaramar farar ƙwallo da sanda har ka jefa ta a kowane rami, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Wahalar tana wajen ladabi. Idan wani zai buga, ka yi shiru. Idan sandarka ta ɓantaro ciyawa, ka mayar ka danne da ƙafa. Idan kana jan jiki, ka kauce wa na bayanka su wuce. Idan ƙwallonka ta faɗa kwarin yashi ka shiga ka bugo ta, to kafin ka tafi ka ɗauki manjagarar da aka ajiye a bakin kwarin ka share sawunka, don kada ƙwallon wani ta faɗa a gurbin ƙafarka.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Yaya yake yi. Ya taɓa wurga sanda cikin tafkin rami na huɗu, ya sa mai kula da fili ya shiga ya lalubo. Ya taɓa gaya wa wani baƙo cewa bugunsa irin na mai kashe maciji ne, kuma mutumin na tsaka da bugun. Manjagara kuwa, hannunsa bai taɓa sanin nauyinta ba. Abokan wasansa suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, wannan ciwon baya, wancan wai matarsa ta hana. Ga shi doka ta ce katin da ake rubuta yawan bugu sai wani ya sa hannu ya shaida. Shi ya sa wata Asabar Yaya ya tsaya a ƙofar kantin takalma ya ce, "Rufe, zo in koya maka wasa." Auta ya rufe. Mutumin da ya rene ka tun kana ɗan shekara shida, bayan rasuwar uba, ba ka tambayarsa dalili.

Tun daga ranar Auta yake binsa a baya. Shi ke mayar da ciyawa, shi ke ɗaga wa mutane hannu yana murmushin ban haƙuri, shi ke share yashi. Wasansa bai taɓa yin kyau ba, amma duk kulob ɗin babu wanda ya kai shi iya jan manjagara.

Ranar Asabar Yaya ya zo ɗaukarsa ƙarfe bakwai saura, ya danna oda sau uku kamar kullum. Motar tsohuwa ce mai giyar hannu, kuma makullinta bai taɓa shiga hannun wani mahaluki ba, ko bakanike sai dai ya gyara Yaya ya tayar. A mahaɗar farko motar ta yi tsalle ta mutu. A ta biyu ta sake.

"Bakaniken nan ɓarawo ne," in ji Yaya. "Ya lalata min kuloci."

Sai da suka kusa Auta ya ce, "Yaya, maganar wasiƙar nan..."

"Na gani. Ni na koya wa rabinsu rubutu."

Wannan kam gaskiya ne, a ƙalla game da wadda ta sa hannu a wasiƙar. Likita ce, shugabar kwamitin ladabtarwa na kulob, kuma ta yi firamare a ƙarƙashin Yaya. Suna sauke jakunkunan sanduna a wurin ajiye motoci sai ga ta da abokan wasanta mata biyu. Auta ya leƙa allon jerin 'yan wasa. Su ne a bayansu kai tsaye, minti goma tsakani.

"Malam, ina kwana?" in ji ta, ta ɗan rusuna.

"Lafiya," in ji Yaya, yana kallon wani wuri can sama da kanta.

A ramuka uku na farko, a ba shi haƙƙinsa, Yaya ya yi ƙoƙari. Ƙwallo ta karkace ta shiga itatuwa, ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Wuyansa ya kumbura kamar na mai haɗiyar ƙwaya ba ruwa. Wasansa ya lalace a 'yan watannin nan, kowa ya lura, kuma gwargwadon lalacewar wasan gwargwadon ƙaruwar masifar. Ga kuma jan jiki. Da can shi ne ke gaba yana kora Auta da baki, yanzu kafin su gama rami ɗaya matan nan sun iso sun tsaya, sun dogara da sandunansu suna jira.

A rami na biyar Auta ya matso kusa ya rage murya. "Yaya, mu kauce su wuce mana. Sun fi mu sauri."

"Yarinyar da na koya wa ɗaurin igiyar takalmi ce zan kauce wa?"

"Doka ce, Yaya."

"Kai ma ka zama ɗan kwamiti? Ja jakarka mu tafi."

Auta ya waiwaya ya ɗaga wa Likita hannu da murmushin nan nasa. Ta ɗaga masa nata, ba murmushi. Ya ji haushin yayansa ƙwarai, irin haushin da ba ka da inda za ka kai shi. Saura ramuka goma sha uku, ya ƙirga, kuma ya yi wa Anti alkawari.

Rami na bakwai yana kan ɗan tudu, kuma a gabansa akwai kwarin yashi mafi zurfi a filin, ya kai ƙugun mutum. Ƙwallon Yaya ta tashi kamar abin arziki, ta gaji a hanya, ta faɗa tsakiyarsa. Ya gangara ya shiga. Bugu na farko yashi ya tashi, ƙwallo na nan. Na biyu ta hau rabin gangaren ta mirgino ta dawo gaban ƙafarsa. Ya ɗaga sandar sama da hannu ɗaya, Auta ya ce a ransa shi ke nan, yau ta ƙare. Sai dai bai wurga ba. Ya maka ta a yashi sau biyu, ya yi wata magana a kan wanda ya haƙa kwarin da iyayensa, a hankali yadda ba za ta kai kunnen na baya ba. A bugu na uku ƙwallo ta fita. Ya tako har ƙarshen kwarin ya hau ta inda ya fi sauƙi, ya wuce wajen tuta ko waiwaye babu.

Auta ya ɗauki manjagara ya gangara.

Mai sayar da takalma ba ya kallon mutum daga fuska, daga ƙasa yake farawa. Sawun Yaya kuwa Auta ya san shi fiye da sa hannunsa: lamba arba'in da huɗu, dunduniya a nutse, yatsu sun ɗan buɗe waje, taku mai faɗi na mutumin da ya saba a ba shi hanya. Ya ɗora haƙoran manjagara a kan sawu na farko, sai ya tsaya. Ƙafar dama tana nan yadda ya san ta. Ta hagu ce. Kafin kowane sawun hagu akwai wani layi a yashi, tsawon tafin hannu biyu, kamar an ja sanda. Sawu, layi, sawu, layi, tun daga tsakiyar kwarin har bakinsa. Ƙafar ba ta ɗaguwa sosai, jan ta ake yi.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba yau ya fara ganin layin ba. Makonni ke nan yana share shi, hankalinsa na kan wanda ke jira a baya da haƙurin da zai bayar. Ya tuna takalman wasan da ya kawo wa Yaya wata uku da suka wuce, yadda kan na hagu ya goge fes na dama kuwa sabo, har ya yi niyyar rubuta wa kamfanin ƙorafi. Ya tuna motar da ta mutu sau biyu da safe, kuma da ƙafar hagu ake taka kuloci. Daga nan sai ya tuna wani abu da ya fi su nisa. Yana ɗan shekara biyar, yana kwance a ɗaki, yana jin babansu yana tahowa a kan siminti, silifa ɗaya na tafi, ɗaya na shara. Shekara guda bayan haka aka yi rasuwar. Yaya ne ya yi jinyar, yana ɗan shekara goma sha tara.

Tsoro Auta ya ji, sosai.

Ya san magana ba za ta yi ba. Mutumin da rabonsa da asibiti tun haihuwar 'yarsa ta fari, wanda idan ka ce masa "sannu" sai ya ce "da aka yi me", ba ƙanensa ne zai ce masa zo mu ga likita ba. Ga likita kuwa can a ƙasan tudu, ta dogara da sandarta tana jira su gama. Idan ya share, minti ɗaya ne, babu ƙara, kati ya tsira, Anti ta yi barci. Idan ya bari, dole ta bi ta bakin kwarin nan. Za ta iya ganin ƙafa. Za ta kuma iya ganin yashin da aka bari a hargitse kwana uku bayan gargaɗin ƙarshe, ta ciro biro. Bai san wanne za ta fara gani ba.

Ya fito ta gefe don kada ya taka layin, ya kwantar da manjagara inda ya same ta, ya hau wajen tuta.

Yaya na tsugune rabi yana auna hanyar ƙwallonsa. Bai ɗago ba ya ce, "Ka share?"

A shekara goma sha ɗaya bai taɓa yin wannan tambayar ba. Nan Auta ya gane cewa Yaya ya sani, ya daɗe da sani, kuma ya daɗe yana dogara da manjagarar ƙanensa.

"Ban share ba."

"Koma ka share."

"Yau ba zan share ba, Yaya."

Yaya ya miƙe a hankali. Ya dubi Auta irin duban da yake yi wa ɗalibi a gaban taron safe. Auta bai motsa ba. Yaya ya dubi ƙasan tudu inda matan suke, ya dubi kwarin. Sai ya saki sandarsa a kan ciyawa, ya juya ya koma, da saurin da ƙafar ta yarda masa. Ya sunkuya ya ɗauki manjagara.

Daga ƙasan tudu Likita ta ga abin da babu wanda ya taɓa gani a kulob ɗin, hedimasta da manjagara a hannu. Ta ce wa abokanta su jira, ta tako ta hau.

Shara a yashi da baya-baya ake yin ta, kana ja kana goge sawunka. Yaya ya ja, ya goge layi ɗaya, ya matsa baya, ƙafar hagu ta zana sabo. Ya goge wannan, ta zana wani. Ya ƙara sauri, gumi na ɗiga daga haɓarsa, sai ƙotar ta suɓuce daga hannunsa na hagu ta faɗi. Ya ɗauka. Ta sake suɓucewa. Da ya ɗago, Likita na tsaye a bakin kwarin, ba shi take kallo ba, yashin take kallo.

"Me kike kallo?" in ji shi. "Dokarku ta ce a share. Ga shi ina sharewa. Rubuta."

"Malam, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Ƙafar. Da hannun."

"Ke aka kawo wa ƙarar ƙafata?"

Ta cire safar hannunta, ta gangara cikin kwarin da fararen takalmanta, ta miƙa masa yatsu biyu na kowane hannu. "Kama ka matse. Duka biyun."

"Ba na wasa da yara."

"Malam, ka taɓa sa ni na miƙa hannu a gaban makaranta duka saboda na makara minti biyar. Ban yi gardama ba. Miƙo naka."

Auta ya zaci za a yi tsiya. Yaya ya daɗe yana huci, sannan ya jingina manjagara a cinyarsa ya kama yatsun. Likita ta ce ya matse, ya ce ai ya matse. Ta ce ya ƙara. Ta gyaɗa kai, ta zare hannunta.

"Wata huɗu," in ji Yaya, yana kallon yashi. Ba wanda ya sake tambayarsa.

"Ina asibiti yau ƙarfe huɗu. Auta zai kawo ka. Ba Litinin ba, yau."

"Katina fa?"

"Doka ta ce a share, ka share. Babu ƙara. Katinka na nan, Malam." Ta shiga sa safarta. "Ko za ka ci gaba da amfani da shi, shi ne ban sani ba tukuna. Sai na ga hoton kai."

Ta karɓi manjagarar daga hannunsa ta miƙa wa Auta, ta hau ta koma wajen abokanta. Auta ya miƙa wa yayansa hannu don ya fito, Yaya ya ture hannun, ya hau da kansa. Da ya zo daidai kunnen Auta ya ce, "Shekara hamsin ina rufa maka asiri. Kai ka tona nawa a yashi, a gaban mata."

Maganar ta soki Auta, don bai ga ƙarya a cikinta ba. Ya ce, "Na ji, Yaya." Ya gangara ya share kwarin tas, sawun mutum uku, har da na Likita.

Yaya ya ƙi tafiya sai ya gama ramin. Ya tura ƙwallo ta wuce, ya dawo da ita ta tsaya a baki, ya ƙarasa ta.

"Rubuta tara."

Auta ya ɗaga kai daga katin. Da wata Asabar ce, shida za a ce masa ya rubuta, ya kuma sa hannu. Ya rubuta tara. Yaya ya mayar da tuta cikin rami da hannun dama, ya ja jakarsa gefe ƙarƙashin wata bishiya, ya ɗaga sanda ya yi wa matan alamar su wuce. Ya tsaya shiru har su ukun suka buga. Da ta ƙarshen ta buga ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Wannan ma maciji take kashewa." Daga nan suka yanke ta gefen fili suka nufi mota, ramuka goma sha ɗaya na jiransu a baya.

A wurin ajiye motoci Auta ya loda jakunkuna a but, ya zagaya ɓangaren fasinja ya tsaya kamar kullum. Yaya na tsaye a ƙofar direba, makulli a hannunsa, yana juya shi. Can ya ɗora shi a kan rufin motar ya tura, ya zamo ya tsaya a gaban Auta.

"Kada ka ƙona min kuloci."

Suka yi musayar wuri. Yaya ya fi Auta tsawo nesa ba kusa ba, kujerar tana can baya. Auta ya kai hannu ƙasa zai jawo ta.

"Kada ka taɓa min kujera."

Haka ya tuƙa, a zaune a bakin kujera, yana miƙa ƙafa kamar yaron da ya saci keken babansa. Yaya bai bar shi ya huta ba. Ya sa giya da wuri, ya sa a makare, bai ga rami ba, wa ya ba shi lasisi. Wayar Auta ta yi ta ruri a aljihu, ya san Anti ce, ya san kuma zai ce mata kati ya tsira, sauran bayanin ne bai san ta inda zai fara ba.

A mahaɗar da motar ta mutu da safe jar wuta ta tsayar da su. Yaya ya zuba wa takalmansa ido, na hagun da kansa ya goge.

"Ashe kana tuna yadda Baba yake jan ƙafa," in ji shi. "Na zaci ka yi ƙanƙanta."

"Ina tunawa, Yaya."

Wuta ta ba su hannu. Na baya ya danna oda. Auta ya saki kuloci a hankali, motar ta tashi ba tsalle.

"To rage gudu," in ji Yaya. "Ƙarfe huɗu ta ce."